Yadda muka gano abin da ke sa a-kori-kurarmu baƙin hayaƙi

Wata Lahadi ce cikin Janairun 2025, muna dawowa daga kasuwar Gujungu bayan la'asar, sai na ji ana bubbuga rufin mota daga baya. Na ci birki na gangara gefen titi. Ɗan ƙanina ne ba lafiya, yaro ɗan shekara 12 da yake bin mu ranar kasuwa yana taya ɗaurin kaya. Na tarar ya jingina da buhun gero, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, yana cewa kansa kamar zai rabe biyu. Kafin in ce komai ya leƙa gefe ya yi amai. Wata dattijuwa 'yar ƙauyenmu da ke zaune kusa da shi ta ce, "Malam, ni ma tun da muka taso nake jin jiri, nauyin baki ne ya hana ni magana. Hayaƙin nan naku duk a kanmu yake ƙarewa." Na zagaya na shafa murfin bayan bodi da yatsa. Yatsan ya fito baƙi ƙirin kamar na shafa gindin tukunya.

Motar Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, daga kamfanin nan na Kakuri da ya fara haɗa motoci a 1975. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannu, da ya rasu muka ƙi sayarwa muka bar ta tana yi wa gida nema. Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare a ƙasar Taura, don haka Lahadi kaɗai nake riƙe sitiyari. Sauran kwanaki ƙanina ke fita da ita, Alhamis ya kai riɗi ko zoɓo Maigatari, ya dawo da abin da ya samu.

Hayaƙin ba ranar ya fara ba, ya fi shekara muna ganinsa a madubi muna kau da kai. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, in mota ta ƙara shan mai ba ka cika jin jiki ba. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi, lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Sai ya zama ƙanina ya wuni a hanya, ya dawo da daddare ya ajiye wa Inna abin da bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Har na fara yi masa kallon zargi a zuciyata, abin da nake neman gafarar Allah a kai.

Sau uku yana kai ta gareji daban-daban. Duk inda ya je abu ɗaya ne: a ɗaga bonet, a ɗauki sukundireba, a murɗa ɗan sukurun nan na gindin kafireta, inda fetur da iska suke gauraya, a ja totur sau biyu, a ce an rage mata mai. Abin da muka samu kawai shi ne silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, ya lalace, da ka ɗaga ƙafa a shingen jami'an tsaro sai ta mutu, amma a kan titi hayaƙi yana nan yadda yake. Na ukun ya ce inji ne ya gaji, sai an sauke shi an sa ringi da fistin, kuɗin da ya yanka kuwa sai mun rabu da ɗaya daga cikin shanun huɗarmu. Maganar da muke yi ke nan a zaure daren Lahadin, Kawu ya ce kada a taɓa sa sai an kai motar wurin wani dattijo da ke wani gari a hanyar Ringim, wanda tun yana saurayi Peugeot kawai yake gyarawa. Na nemi izini a makaranta, Talata da sassafe muka tafi.

Garejin nasa inuwar darbejiya ce da rumfar kwano. Muka gaisa, na fara jero masa abin da sauran suka faɗa. Ya ɗaga hannu. "Malam, bar abin da suka ce. Gaya mini abin da ita ta ce." Ya shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya. Da safe tana tashi da wuri? Na ce bugu ɗaya, ko cok, abin da ake ja a rage wa inji iska don ya tashi da sanyi, ba ma ja, har cikin sanyin nan. In ta yi zafi aka kashe ta, aka zo tayarwa fa? Ƙanina ya ce nan ne ake shan wuya, sai an danne totur har ƙasa an daɗe ana bugawa. Tana rage ruwan lagireto? A'a. Baƙin mai fa, sau nawa kuke ƙarawa? Muka dubi juna, domin mun manta rabon da mu ƙara. Ya gyaɗa kai kawai.

Ya sa aka tayar da ita aka bar ta ta yi zafi, sannan ya ɗauko wani farin tsumma ya kara a bakin salansa, ya ce ƙanina ya taka. Da ya janye tsumman, ga baƙi ya kwanta a jikinsa kamar an barbaɗa garin gawayi. Ya murza da yatsa ya nuna mini: busasshe ne, ba maiƙo. Ya ce hayaƙin mota iri uku ne, kowanne da inda yake nuna maka. Shuɗi mai ƙaurin ƙonannen baƙin mai, wanda yake barin ɗigon maiƙo a tsumma, shi ne na ringi ko na bakin bawul, shi ke kai mutum ga sauke inji. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, ga lagireto yana cin ruwa, wannan gasket ne; ban da ɗan tururin safiya na hunturu, wanda ba ciwo ba ne. Baƙi kuwa fetur ne da ya yi wa iska yawa, bai ƙone duka ba aka watso shi waje.

Daga nan ya ce yaronsa ya kwanto fulogi. Ya yagi kwali ya huda rami huɗu, ya rubuta lamba a gindin kowanne, ya ce wa yaron ya kula, a Peugeot daga wajen giya ake fara ƙirga na ɗaya, ba daga wajen fanka ba. Aka jera su a rana. Na tsuguna na ƙura musu ido. Duk huɗun kawunansu sun rufe da baƙi mai laushi kamar kunkunniyar fitilar a-ci-bal-bal, farin tangaran ɗin tsakiya ba a ganinsa sam. Na huɗun ne kaɗai yake ɗan ƙyalli, alamar akwai danshin baƙin mai a kansa. Baba, wato dattijon, ya ware shi gefe ya ce za mu dawo kansa.

"Da ɗaya ne ya yi baƙi," in ji shi, "sai in nemi laifin a ɗakinsa. Amma huɗu sun kamu da ciwo iri ɗaya, to a kwanon da suke ci tare za a duba."

Wannan maganar ita ta buɗe mini kai. Abin da silinda huɗu suke tarayya a kansa bai da yawa: wuta daga kwayil da distributa, iska daga iyakilina, wato matatar iska, mai daga kafireta.

Ya zaro sandar awon baƙin mai ya miƙo mini ya ce in sansana. Warin fetur ne tsagwaronsa, man ya tsinke kamar ruwa, kuma ya haura layin sama. Ashe abin da ya sa ba ma ƙari ke nan. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda ya gangara ƙasa ya gauraya da baƙin mai, injin yana gudu da man da ba ya riƙe ƙarfe. Ya ce da mun ƙara wata shida a haka, maganar wancan bakaniken za ta zama gaskiya, sai an sauke. Bai tsaya nan ba, ya kwance famfon mai ya duba fatar cikinsa, domin in ta yage ita ma tana zubar da fetur kai tsaye cikin inji. Lafiyarta ƙalau.

Wuta bai daɗe a kanta ba. Kwantak ya ɗan ci, ya goge shi ya saita tazararsa a milimita 0.4 da siraran ƙarafan awo, ya duba murfin distributa ko ya tsage, ya daidaita taimin. Cok ma ya leƙa ya ga faifansa yana buɗewa har ƙarshe. Ya ce dole a fara da waɗannan, don raunin wuta yana iya baƙanta fulogi, mutum ya je yana wahalar da kafireta a banza.

Iyakilinarmu irin ta da ce, mai baƙin mai a gindi da ragar waya a sama. Da aka buɗe ta sai da na ji kunya. Man da ke ciki ya zama taɓo, yatsa yana nutsewa, ragar ta toshe da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin gero. A aji ina koya wa yara cewa wuta ba ta ci sai da iska, amma ban taɓa kawo lissafin kan motar gidanmu ba. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. In ka mayar da shi awon lita, kowace lita ɗaya ta fetur tana neman iska kusan lita 9,000, wato cikin duro 45. Duk wannan iskar ta wannan ragar za ta bi. In ta toshe, inji yana zuƙa bai samu iska ba, sai ya zuƙo fetur a madadinta, daidai da mota tana tafiya an ja mata cok. Ƙanina ya ce wani ya taɓa ba shi shawarar ya cire iyakilinar gaba ɗaya. Baba ya ɓata rai. Ya ce a hanyoyinmu na burji, injin da ya sha ƙura kai tsaye ba ya ganin damina biyu. Aka wanke ragar da kananzir, aka zuba sabon mai daidai layin da aka zana, ba a wuce ba.

Muka zaga da ita. Hayaƙin ya ragu, har na fara murna ina laluben aljihu. Baba ya ce tsugune ba ta ƙare ba. Ya cire bututun iska daga kan kafireta, ya ɗauko wani fasasshen madubin babur ya kara a bakinta, ya ce in duba ta cikin madubin, kada in sa fuskata a kai, don in ta yi atishawa wuta take fitarwa. Inji yana silo, ba wanda ya taɓa totur, amma ga fetur yana ɗiga daga ɗan bututun tsakiyar maƙogwaron, ɗis, ɗis, ɗis. Ya ce a kashe. Aka kashe, ɗigon bai tsaya ba, har wani farin tururi yana tasowa. Ya ce wannan bututun ba shi da aiki sai an taka totur. In ka ga yana zuba a silo, mai ya cika kwanon kafireta ya yi ambaliya. Shi ya sa in ta yi zafi aka kashe take ƙin tashi, ta riga ta shaƙe da mai.

Ya shimfiɗa buhu, ya ajiye farantin silba, ya wargaza kafiretar a ciki. Ƙirar Solex ce. A cikin kwanonta akwai fulot, ɗan abu mara nauyi mai rami a ciki da yake iyo a kan mai. In mai ya kai iyakarsa sai ya taso ya tura wata 'yar allura ta toshe hanya, kamar ƙwallon tankin ruwa. Ya ɗauki fulot ɗin ya girgiza a kunnena. Na ji motsin ruwa a ciki, ƙalau-ƙalau. Ya aika aka karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya danna shi a cikin kofi da sukundireba. Sai ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga wuri ɗaya a kan haɗinsa, ramin da ko da tabarau ba za ka gani ba. Ya sha mai ya yi nauyi, ba ya tasowa da wuri. Allurar ita ma bakinta ya ci, ya yi zobe.

Na ɗauka an gama, sai ya kwanto babban jet, ɗan guntun tagulla mai ramin da fetur yake bi, da bai kai ƙwayar wake ba. Ya ɗaga shi sama ya leƙa rana ta cikinsa ya daɗe. Sannan ya juya wurin ƙanina.

"Wa yake zura masa waya?"

Ƙanina ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, ni ne. In na sayi mai a jarka a hanya yakan zo da datti, ta toshe a daji, sai in warware wayar birkin keke in sosa."

"Sau nawa?"

"Ba zan iya ƙirgawa ba."

Bai yi masa faɗa ba. Ya buɗe wani gwangwanin madara cike da tsofaffin jet, ya zaɓo mai lamba irin ta namu, ya ciro allurar ɗinki daga hularsa. Ya zura ta a nasa, ta shiga kaɗan ta tsaya, ya sa farce ya riƙe wurin. Ya zura a namu, ta wuce farcen ta shige kusan rabi. Lambar da ake bugawa a jikin jet ɗin Solex faɗin raminsa ce. In an rubuta 130, ana nufin milimita 1.3. Tagulla tana da laushi, wayar ƙarfe tana cin ta a hankali. Na yi lissafi a ƙasa da tsinke: ramin da ya tashi daga 1.3 zuwa 1.5, ido ba zai bambance ba, amma hanyar da mai yake bi ta ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku.

A nan ne na tambaye shi batun sukurun da aka yi ta murɗawa. Ya nuna mini 'yar hanyar da sukurun yake tsarewa, siririya a ƙasan faifan totur. Ita ke ba inji mai lokacin da ƙafarka ba ta kan totur, shi ke nan aikinta. Da ka taka, mai ya koma bin babban jet, sukurun ba shi da ta cewa. Wato sau uku muna biyan kuɗi ana rufe ƙaramar ƙofa, babbar tana hangame. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Ba na cewa mugunta ce ta sa su. Da yawansu haka suka ga ana yi, mu masu mota kuma muna son a sallame mu cikin minti goma. Amma ko fulogi ɗaya ba wanda ya kwance a cikinsu, kuma a kan haka muka kusa rabuwa da sa.

Jet ɗin gwangwaninsa ya ce na awo ne, ba ya sayarwa. Laraba na hau mota zuwa Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, da tsohon fulot da allurar ɗinkin nan a aljihu. Ya gargaɗe ni cewa akwai sababbin jet da lambarsu daidai ce amma raminsu ba daidai ba, gara in nemi na kwance daga kafiretar da ba a taɓa ba. Sai da na shiga shago biyar ina zura allura, masu shago suna kallona, kafin na samu wanda ta tsaya a inda ya yi mini alama da jan fenti. Na haɗo da fulot, da allurarsa, da gasket ɗin kafireta, da fulogi huɗu, da 'yar matatar mai ta roba da ake sawa a tiyo, wadda tamu ta ɓace tun ban san lokacin ba.

Alhamis aka haɗa. Ranar Maigatari ta wuce mu, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Ya busa kowace hanya da famfon keke, ba waya. Ya saita bakin fulogi a milimita 0.6. Aka juye gurɓataccen baƙin man aka zuba sabo. Da inji ya yi zafi, ya ɗauki guntun tiyo ya sa baki ɗaya a kunne, yana yawo da ɗayan a gindin kafireta da bakin manifol, yana sauraron ko iska tana satar shiga. Sai bayan duk wannan ya taɓa sukurun. Ya shigar da shi a hankali har inji ya fara tuntuɓe, ya dawo da shi baya kaɗan-kaɗan, kansa a karkace, har ƙarar ta zauna sumul. Ya ce ba a ɗaure shi da ƙarfi, bakinsa tsini ne, in ya lanƙwashe ba ya sake saituwa. Ya ce a birni akwai na'urar da ake zura wa salansa ta faɗi adadin gubar da ke fita, shi kuwa kunne da hanci da fulogi yake da su.

Ƙanina ya ce, "Baba, ba za a sa mata jet ɗin da ya fi wannan ƙanƙanta ba, ta ƙara rage sha?"

Ya ce a'a, kuma bai yi murmushi ba. In mai ya yi wa iska kaɗan, inji yana zafi fiye da kima, fulogi ya yi fari fat, mota ta riƙa tari ta kafireta, ta rasa ƙarfi a hawa da kaya, ƙarshenta bawul ya ƙone. Ya ce ya ga direbobi da yawa tun da mai ya yi tsada, sun tsuke jet don su tsira da lita biyu, sun dawo ana cire musu kan inji.

Saura maganar yaron, wadda ita ta kawo ni tun farko. Na gaya wa Baba abin da ya faru, ya shiga ƙarƙashin motar da kansa duk da shekarunsa. Ya kira ni in leƙo. Bututun salansa ya tsage a daidai ƙasan bodi, baƙi ya yi fenti a kewayen wurin, katakon da ke samansa kuma akwai tazara a tsakaninsu. Ƙarshen salansar ma ya karye tun tuni, bai kai ya leƙo waje ba. Abin da na sani ne a littafi: fetur ɗin da bai samu isasshiyar iska ba yana haifar da iskar kabon monoksaid, ita ce mai kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. Baƙin da muke gani da ƙaurin da muke ji wasu abubuwa ne da suke rakiyarta. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, amai, su ne farkonta. Yaron nan da tsohuwar nan a kanta suke zaune tun daga Gujungu. Na fito daga ƙarƙashin motar jikina a sanyaye. Aka kai ta wurin mai walda ya ɗinke tsagar, ya ƙara guntun bututu ya fito da bakin gefe, bayan taya.

Awon mai kuwa Baba ya ce kada mu yarda da allurar dashbod. A cika tanki taf a gidan mai guda, a je a dawo, a sake cikawa a famfo guda. Ƙanina yana da lissafin tafiyar Maigatari a kansa, lita 31 take ci masa zuwa da dawowa. Alhamis ɗin da ta biyo baya ya shigo gida bayan isha'i, bai ko cire takalmi ba ya ce, "Yaya, 21." Na sa ya maimaita a gaban Inna.

Bayan mako biyu na kwance fulogin da kaina a ƙofar gida, na jera su a kwali kamar yadda na ga an yi. Uku sun yi ruwan ƙasa mai haske, kalar bawon soyayyiyar gyaɗa, a bushe. Na huɗun yana nan da ɗan danshinsa. Baba ya riga ya gaya mini cewa ringin wannan ɗakin ya fara sakewa, wankin fetur na shekara guda bai tafi a banza ba, amma zai kai mu kaka in muna duba baƙin mai duk safiya, muna goge fulogin duk wata. Mun yi da shi za mu koma in an sayar da riɗin bana. Yaron kuma tun ranar a gaba yake zama, tsakanina da ƙofa, gilashi a sauke.